Makarar da Mutari Ya Ɗauko

Duk wanda ya zauna Tasawa a 'yan shekarun nan ya san muryar Inna, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ya ji ta a salular mai shayi, ya ji ta a tashar mota, ya ji ta tana fitowa daga aljihun wani a bayan amalanke. Murya ce ta tsohuwa mai kiran sunan ɗiyarta sau uku. Mutane da yawa sun yi wasa da ita. Kaɗan ne suka san abin da aka bayar kafin a same ta.

Mutari shi ne ɗan farin Inna. Ya yi lakkol har lise, wato babbar sakandare, jarrabawar ƙarshe ta kayar da shi sau biyu, sai ya sayi tsohuwar kamara ya shiga ɗaukar biki da suna. Amma ba nan ransa yake ba. Fim yake so ya yi, irin wanda za a kira sunansa a Maraɗi da Yamai. Ya yi guda biyu na soyayya. Ranar da ya nuna na biyun a fadarsu ta shan shayi, abokansa suka yi ta dariya a daidai inda ya so a yi kuka, ɗaya kuma ya yi barci har da minshari. Daga ranar suka sa masa suna Maganin Barci.

Su huɗu ne a gidan: shi, da Inna, da ƙanwarsa Furera mai ɗinki, da Isma'ila, ɗan ƙanwar Inna, wanda Inna ta yi rainonsa tun mutuwar uwarsa. Isma'ila yana da ƙaramin shago inda ake cajin salula, ana zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a kati. Shi ke riƙe wa Mutari kamara, shi ke haɗa masa hotuna a ordinatar, wato kwamfuta.

A kan hanyar Maijirgi akwai wani tsohon soro na wani attajirin gyaɗa da zuri'arsa ta watse. Rufin azara, bango mai kauri, ɗakunan da ko da tsakar rana sai da fitila, jemagu sun mayar da shi nasu. Nan Mutari ya samu labarinsa na uku: magada uku sun dawo rabon gida, gidan ya cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ya sa masa suna *Soron Magada*. Labari ya samu. Amma ya san hannunsa, ya san idan ya yi shi yadda ya saba, dariya za a sake yi.

Wani direba ne ya ba shi labarin wani boka da ake kira Danda.

Ya hau babur ya wuce Hawandawaki, ya bi yashi har inda taya ta ƙi tafiya, ya sauka ya tura. Rana tana tsaka ya isa. Tsamiya ce guda ɗaya a fili, a gindinta tsohuwar rijiya da ta ƙafe, kusa da ita bukka mai ƙofar da sai an durƙusa. Babu tsuntsu a kan tsamiyar. Babu sawun akuya a yashin.

Cikin bukkar sanyi ne irin na randa. Da idonsa ya saba da duhun, ya ga ƙahonin raguna jere a ƙasa, bakinsu duk ya dubi ƙofa. Ya ga tukunya binne har wuya, an ɗaure bakinta da baƙar fata, gashin kaji ya manne a gefenta da tsohon jini. Ya ga ƙwaryar fura da ta yi tsami har ta tsage, amma ko ƙuda ɗaya bai sauka a kanta ba. A jikin bango kuma an jingine makara ta gora, ɗaurin igiyar kaba, tsakiyarta ta yi baƙi da siffar bayan mutum.

Danda ƙanƙanen tsoho ne, yana zaune yana ɓare gyaɗa. Bai ɗago ba.

"Kai ne mai ɗaukar inuwar mutane."

"Fim nike yi, Baba."

"Mi ka zo nema?"

"So nike in yi abin da duk wanda ya gani ba ya mantawa. In yi suna, in yi dukiya. Na gaji da zama abin dariya."

"Tsoro ba a ƙera shi, yaro. Wurin masu shi ake ɗauko shi."

"Shi ya kawo ni. Mi zan bayar? Baƙin bunsuru? Jan zakara?"

"Bunsuru na masu neman aure ne." Danda ya nuna rijiyar da haɓa. "Mai Rijiya ba ya cin nama. Suna yake ci."

Sai tsohon ya miƙa hannu wajen bango.

"Ka ga makarar can? Ɗauke ta, ka yi wasanka da ita. Duk wanda ya gani, hanjinshi sai ya kaɗa. Amma wanda ya kwanta bisa, aka kira sunanshi da kuka na gaskiya, ya zama na Mai Rijiya."

"In sunan na ƙarya ne fa? Mu a fim kowa sunan aro gare shi."

A nan ne tsohon ya ɗago ya dube shi. "In ka samu kukan gaskiya da sunan ƙarya, ka ci banza. Kuma kar ka damu, Mai Rijiya yana da nauyin kunne. Kira ɗaya, kira biyu, ba ya kai ƙasan rijiya. Sai an yi ta kira."

Mutari ya ji ciniki ya yi masa daɗi. Ya ga kamar ya fi tsoho wayo.

Danda ya karɓi kamarar ya sa a guga, ya zura ta cikin busasshiyar rijiyar har igiya ta ƙare. Da ya jawo ta, tana da sanyi da raɓa a jikinta. Ya kwance bakin tukunyar, ya sa Mutari ya sunkuya ya ce "na yarda" sau uku a ciki. Muryar ba ta dawo ba. Sannan ya ɗebo wani baƙin kwalli da ɗan yatsa ya ja masa a ido biyu.

"Wannan na mi ne?"

"Mai ɗaukar kukan mutane bai kamata idonshi ya yi ruwa ba. Hoto sai ya lalace." Ya koma ga gyaɗarsa. "Makara kuma ba ta dawowa nan. Inda ta shiga, nan ne gidanta."

A amalanke aka kawo ta Tasawa, lulluɓe da kara. Mutari ya ce wa Inna wani masassaƙi ne ya haɗa masa.

Ba shi da abin sallamar 'yan wasa, don haka gida ya juya. Furera za ta zama magajiya ta farko, sunanta a fim Mardiya. Isma'ila na biyu, sunansa Nasiru. Mutari da kansa na uku. Inna kuwa uwar magada, wadda za ta yi kuka a kan kowannensu.

"Ni da girmana?" in ji Inna. "In tsaya ina kukan ƙarya mutane na kallo? Kai wannan, ba ka da kunya."

Haka take kiransa tun yana goye: kai, ko wannan. Ɗan fari ne, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Sai da Furera ta yi kwana uku tana lallashi kafin ta yarda.

Ranar ɗaukar mutuwar farko, suka shimfiɗa Furera a kan makarar a babban ɗakin soron, suka shafa mata toka a fuska, suka sa auduga a hancinta, suka rufe ta da farin ƙyalle. Inna ta shigo.

"Wayyo Mardiya," ta ce, kamar mai korar akuyar maƙwabta.

"Inna, da ƙarfi. Ɗiyarki ce ta mutu."

"Wayyo... wace ce ma?"

Ƙyallen ya hau rawa, Furera tana dariya a ƙarƙashi. Isma'ila ya ajiye kamara ya riƙe ciki. Suka sake. Suka sake. Sau shida, kukan bai fi na farko ba. Zafi ya cika ɗakin, warin kashin jemage ya hau kai.

A na bakwai, ƙyallen bai motsa ba. Inna ta durƙusa, ta ɗaga gefensa don ta ce wa yarinyar ta daina wasa, sai ta ga fuska fara fat da toka, auduga a hanci, baki a ɗan buɗe. Wani abu ya tsinke a cikinta.

"Furera! Furera! Furera, tashi mana!"

Jemagu suka zubo daga azara gaba ɗaya. Isma'ila bai sauke kamarar ba. Mutari yana tsaye a bayansa. Kalma ɗaya ce ta rage ya faɗa a tsaya. Bai faɗa ba.

Furera ta tashi tana tari, ta ce barci ne ya ɗauke ta. Aka yi ta ba Inna baki.

Washegari Isma'ila ya kwanta, Mutari ya karɓi kamara.

"Inna," in ji Isma'ila daga ƙarƙashin ƙyalle, "ni ma da sunana za ki kira ni. Bar wani Nasiru. Ki ga yadda zan mutu da kyau, har in fi waccan mai barcin."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Inna.

Mutari ya buɗe baki. Ya dubi hasken da ke saukowa ta tsagar rufi daidai kan makarar, ya ga bai taɓa samun haske irin wannan ba. Ya rufe bakinsa. Inna ta tuna ƙanwarta da ta bar mata jariri, kuka ya zo da kansa, sunan ma ya zo da kansa.

Rana ta uku Mutari ya kwanta hankalinsa kwance. Ya riga ya yi wannan lissafin tun a hanyar Hawandawaki. Inna ta tsaya a kansa, ta dube shi, ta juya fuska.

"Ki kira shi mana, Inna," in ji Furera.

"Ke, rufa mini asiri."

Haka aka ɗauka, tsohuwa tsaye a kan gawa ba ta ce komai ba. Daga baya masu kallo suka ce wannan shirun ya fi komai tayar da tsikar jiki.

Sati biyu suka yi a shagon Isma'ila suna haɗa hotuna, da rana, lokacin da akwai wuta. Da suka zo kan mutuwar farko, Isma'ila ya jera guda bakwai ɗin a fuskar ordinatar.

"Wanne za mu sa?"

Mutari ya tuna maganar tsoho. Kira ɗaya ba ya kai ƙasan rijiya. An kira Furera a ɗaki guda, rana guda. In ya goge wannan, magana ta ƙare a soro. In ya bari, duk wanda ya kunna fim ɗin ya sake kiranta. Ya san haka sarai, kada wani ya ce bai sani ba. Ya sa aka kunna masa na Mardiya. Ya ji dariyar fada a kunnensa tun ba a yi ta ba.

"Sa na gaskiyar," ya ce.

An fara nuna *Soron Magada* bayan la'asar a wani gidan kallo, an toshe tagogi da buhu. Da aka zo wurin kiran, mata biyu suka fita da gudu. Wanda ya sa wa Mutari suna Maganin Barci ya tashi ya tafi gida babu takalmi. Ranar kasuwar Mayahi layi ya kai bakin titi wurin masu zuba fim a kati. Wani malamin lise ya ce sautin ba shi da kyau, ana ganin sandar makirfo a sama, fatalwar fim ɗin ma takalmin roba ne a ƙafarta. Duk gaskiya ne. Shi ma sau huɗu ya kalla. Malamai suka yi wa'azi a kai, wa'azin ya ƙara masa 'yan kallo. Wani ɗan kasuwa ya zo daga Maraɗi da mota don ya ga Mutari ido da ido. Sai samari suka yanko muryar Inna suka mayar da ita ƙarar kiran salula.

Dukiya ta zo kamar an fasa rumbu. Gidan siminti mai bene, mota, sababbin kamarori, iyayen 'yan mata suna aiko da gaisuwa. Waɗanda suka yi dariya suka koma riƙe masa ƙofar mota suna cewa direkta. Mutari ya yi ta jira ya ji daɗin. Bai zo ba. Kamar mai mura yana cin tuwo, ya san yana ci, ba ya jin komai.

Furera ce ta fara. Tana tafiya a kasuwa, salular wani ta yi ƙara, ta juya: "Na'am, Inna?" Aka yi dariya, ita ma ta yi. Bayan wata guda ta daina dariyar. Bayan wata biyu tana amsawa ko babu salula kusa. Tana tsakiyar ɗinki sai ta ɗaga ƙafa daga keke, ta karkata kai.

"Yaya Mutari, ba ka ji ba? Daga ƙasa take kira. Mi Inna ke yi a ƙasa?"

"Babu mai kiranki. Ci abincinki."

Ta daina barci, ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta. Ya kai ta likita a Maraɗi, aka duba, ba a ga komai ba. Wata safiya ta share tsakar gida tas, ta wanke hannu, ta shiga ɗakin ajiya inda makarar take, ta kwanta a kai ta haɗa ƙafafunta. Inna ce ta same ta da hantsi.

Inna ba ta yi kuka ba. Mata suka ce ta yi, kada ya zauna mata a ciki. Ta ce, "Na riga na yi. Kun gani ai, duk kun gani."

Wurin zaman makoki salular wani baƙo ta yi ƙara. Muryar Inna ta cika rumfar, sau uku, kafin ya samu ya kashe. Kowa ya sunkuyar da kai. Mutari ya taɓa idonsa. A bushe yake kamar dutsen niƙa. Sai a lokacin ya gane aikin kwallin.

Kwana bakwai bayan haka Isma'ila ya same shi cikin mota a ƙofar gida.

"Makarar nan ba masassaƙi ya yi ta ba."

"A'a."

"Ranar da na jera maka guda bakwai, ka sani?"

"Na sani."

"Ranar da na kwanta ina wasa da Inna fa?"

"Na sani."

Isma'ila ya jira ko zai ƙara wani abu. Mutari ma ya jira, ya leƙa cikin kansa ko akwai abin ƙarawa. Babu.

"Tuwo ɗaya muka ci, Mutari," in ji Isma'ila. Sai ya karkata kai gefe, kamar mai sauraro. Leɓensa ya motsa. Ya danne shi da haƙori, ya tafi.

Daga ranar duk katin da ya shigo shagonsa sai ya goge fim ɗin. Mutane suka daina kawowa. Ya rufe shago ya shiga bin kasuwanni, Maijirgi, Mayahi, ƙauyukan da mota ba ta zuwa, yana roƙon mutane su ba shi salularsu minti ɗaya. Aka ce ɗan fim ya taɓu. Wasu don tsokana sai su kunna masa wurin mutuwarsa, su ga yadda zai toshe kunne yana cewa na'am. Da kaka, makiyaya suka same shi zaune ya jingina da bakin wata busasshiyar rijiya bayan Hawandawaki, aljihunsa cike da katuna. Ranar da aka kawo gawarsa, makarar masallacin unguwa tana wani gidan rasuwa. Wani ya ce ai akwai guda a gidan.

Mutari ya koma wurin Danda. Ya same shi inda ya bar shi, yana ɓare gyaɗa.

"Karɓi abinka, Baba. Karɓi gidan, karɓi motar."

"Mi zan yi da mota cikin yashi?"

"To mi zan yi ya tsaya?"

"Mi ya rage da zai tsaya? Waɗanda aka kira sun amsa." Ya hura ɓawon daga tafinsa. "Kai kuwa ka yi wayo, ba a kira ka ba. Je ka ci wayonka."

Magana ba ta ɓuya a Tasawa. Babu wanda ya ƙara yarda ya tsaya gaban kamararsa, ko a biki. Masu aiko da gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Ɗan kasuwar Maraɗi ya daina ɗaukar kiransa. Motar ta tafi, benen ya tafi, kamarorin suka bi su, kamar ruwa a kwando. Ya sa wa makarar kananzir ya ƙyasta ashana, kananzir ya cinye, gora bai ko kama wuta ba. Ya yar da ita a daji, da safe wani mai amalanke ya kawo masa har gida, ya ce ya gane ta a fim.

Yanzu suna tsohon gidansu na ƙasa, shi da Inna. Ta daina sanin ranaku. Takan dafa tuwon mutum huɗu, ta jera kwano huɗu. Fim ɗin yana nan yana yawo, an ce ya kai Agadas, ya kai Kano, har yanzu ana cewa ba a yi kamarsa ba.

Kullum idan rana ta take tsaka, Mutari yakan jawo makarar tsakar gida, ya kwanta a kai, ya ja farin ƙyalle har wuya.

"Inna."

Takan zo ta tsaya a kansa.

"Inna, ki kira ni. Sau ɗaya dai, da kuka. Ni zan nemi masu maimaitawa."

Takan dube shi tsawon lokaci. Hankalinta ya tafi, sanin mutane ya tafi, amma kunyar ɗan fari tana nan inda take. Wata rana sai ta ɗaga gefen ƙyallen, fuskarta ta yamutse, ta kira Furera sau uku, daidai yadda yake a fim, shi kuwa yana kwance idonsa a buɗe, a bushe. Wata rana kuma sai ta gyara masa ƙyallen a ƙafa, ta ce, "Kai wannan, tashi ka ci tuwo."

Sai ya tashi ya ci.

Mai kwaɗayi, ka ji. Boka ba ya ƙarya a ciniki, kai ne kake yi wa kanka. Yakan bar maka ƙofa a buɗe don ya san da hannunka za ka rufe ta. Arzikin da aka ɗauko daga bakin rijiyar tsafi ba da bunsuru ake biyansa ba, da waɗanda kuke cin tuwo ɗaya ake biya. In an yi maka dariya a fada, haɗiye ta, ka koma ka gyara aikinka, ka roƙi Allah. Dariya tana wucewa kafin shayi ya huce. Wanda ya ƙi jin wannan, ya bi ta bayan gidan Inna da tsakar rana, ya tsaya jikin katanga ya saurara.